Kafin Shaidun Farin 1973 Su Ƙare Mana

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan wannan jarida. Ka taimaka mini da fili in amayar da wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, ko Allah zai sa ta faɗa kunnen waɗanda za su iya yin wani abu a kai.

Kowace damina, da ruwa ya ci wani gari, abin da za ka fara ji a bakin mutane, har da wasu masu aiko da rahoto, shi ne wai ba a taɓa ganin irinsa ba. Na ji an faɗi haka lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri. Alhali kuwa a 1994 ruwan wannan madatsa ya taɓa shiga garin, kuma waɗanda suka ga wancan da idonsu suna nan da ransu. A Kano madatsar Bagauda ta fashe a watan Agustan 1988. Ambaliyar 2012, wadda hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce ta kashe mutum 363 ta kuma raba fiye da miliyan biyu da muhallinsu, shekara goma bayanta aka yi ta 2022 wadda ta ci rai fiye da 600. Ban ce masu wannan magana ƙarya suke yi ba. Wanda ruwa ya tashe shi tsakar dare ya ga tabarmarsa tana yawo a ɗaki, a wurinsa kam ba a taɓa yi ba. Damuwata ita ce ba mu ajiye labarin masifun da suka same mu ta yadda na baya zai ɗauka ya duba, shi ya sa kowace ta zo sai ta same mu kamar baƙuwa.

Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da tarihi a makarantun sakandare kafin in ajiye alli. Amma darasin da ya fi zauna mini a kan yadda ake binciken tarihin fari da yunwa da ambaliya, a tsakar gidanmu na same shi, wurin kakata mahaifiyar babana, wadda muke kira Iya.

A 1981, ina ɗalibi, aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai. Na ari rakoda, na sayi batir da kaset, na same ta da hantsi a gindin rumbu tana kaɗi. Da na faɗa mata abin da ke tafe da ni sai ta tsayar da mazari ta dube ni, ta ce, "Maigida, duk labaran duniya ka rasa wanda za ka tambaya sai na yunwa?" Kwana uku ina zarya kafin ta yarda. Ranar da ta buɗe baki kuwa, sai da ta sa aka kori yara daga wurin.

Ashe mu ba asalin Zazzagawa ba ne, yunwa ce ta kawo mu. Ƙauyensu yana arewa da Kano. Ba ta san shekarar ba, ta dai ce lokacin tana famfara. Sau uku aka yi shuka, sau uku tana ƙonewa, geron da ya tsira kuma bai yi kai ba. Ta jero mini abin da mahaifinta ya sayar bi da bi, kuma ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba: awaki, sannan jaki, sannan tasoshin mahaifiyarta na aure, daga ƙarshe garma. Ta ce ranar da garma ta fita daga gidan ne mahaifiyarta ta yi kuka, don ta san ba sauran zancen noma baɗi. Suka koma cin dusa da tafasa. Suka riƙa jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗacin ya fita. Mata suka riƙa sussukar ƙarangiya, yara kuma ana tura su tonon gidan tururuwa a kwaso 'yan ƙwayoyin hatsin da ta tara. Da bazara ta yi tsanani suka rufe gida suka yo kudu a ƙasa. Ƙanenta yana goye ya cika a hanya. Mahaifiyarsu ta sani, amma ba ta sauke shi ba, ba ta kuma faɗa wa kowa ba, ta ci gaba da tafiya da shi a bayanta har faɗuwar rana. Mutanen wani ƙauye suka taimaka aka binne shi a gindin tsamiya. Iya ta ce har gobe in ta ga mace da goyo tana tafiya ba ta waiwaye, sai gabanta ya faɗi.

Na koma makaranta da wannan labari ina ganin na gama aiki. Malamina ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce to, yaushe aka yi? Nan aikin masanin tarihi ya fara. Na sake sauraron kaset ina tsintar abin da za a iya kamawa. Ta ce sun iso ƙasar Zazzau zamanin Sarki Alu, wato Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903 ya kai har wajen 1920. Ta ce a hanya ta fara ganin jirgin ƙasa, ta ɓuya a bayan uwarta don tsoro. Layin dogo kuwa a 1911 ya isa Kano, saboda haka ba kafin nan ba ne. Ta kuma ambaci sunan yunwar, Kakalaba. Wannan ita ce ta 1913 zuwa 1914. Ma'aunin ruwan sama da Turawa suka kafa a Kano tun 1905 ya nuna daminar 1913 tana cikin mafi ƙarancin ruwa da aka taɓa aunawa. Haƙoran yarinya, sunan sarki, jirgin ƙasa, sunan yunwa da ma'aunin ruwa, duk suka taru a kan shekara guda. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta ba ni shekara daidai ba tare da ta san lambarta ba.

Daga nan na nufi Kaduna, gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa. Wanda bai taɓa shiga ba, abin da zai fara ji shi ne warin tsohuwar takarda. Za a kawo maka fayil ɗaure da zare, ka kwance a hankali, don gefen takardun yana marmashewa a yatsa. A ciki akwai rahotannin shekara-shekara na Razdan, da rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta in sun fita rangadin kimanta haraji gunduma-gunduma. Takardun nan suna da abin da Iya ba ta da shi: kwanan wata, farashin hatsi, adadin masu biyan haraji, kuɗin jangali. Sai dai mai karatu ya riƙa tambayar kansa, wa ya rubuta, wa ya rubuta wa, kuma me yake tsoro? Ƙaramin Bature ne yake rubuta wa na gaba da shi, ba zai so a ce a hannunsa ƙasa ta lalace ba. Alƙaluman kuma daga hakimai da dagatai suka fito, waɗanda aka ɗora wa nauyin cika haraji ko ta halin ƙaƙa. Littafin haraji magidanta yake ƙirgawa. In suna ya ɓace daga ciki, takarda ba ta bambance wanda ya mutu da wanda ya yi ƙaura. Yaron goye kuwa, irin ƙanen Iya, tun farko bai shiga lissafi ba balle a ce ya fita. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a nan Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi suna wajen nacewa a kan a tuhumi kowace madogara, ta Bature ce ko ta fada ko ta baka, kafin a jingina da ita. A gaban waɗannan fayiloli na gane dalilinsa.

Ita ma maganar baka ba a haɗiye ta ɗungurungum. Tsoho yakan haɗe yunwa biyu ta zama ɗaya a kansa. Wani yakan ɓoye abin kunya, kamar jinginar da gona ko ba da 'ya aure don a rage baki. Iya kanta sai a zama na huɗu ta gaya mini cewa an bar yayarta a gidan wani mai hali a hanya, ba ta kuma sake ganinta ba. Shi ya sa ake tambayar mutum goma a ƙauyuka daban-daban, a ware namiji a ware mace, a ji ta bakin talaka a ji ta ɗan sarauta, sannan a auna da takarda. Inda suka dace, an samu ƙasa mai tauri. Inda suka saɓa, sau da yawa a nan ainihin labarin yake kwance.

Kada kuma wani ya raina labarin kaka don ba a rubuce yake ba. A gaɓar tekun arewa maso yammacin Amurka, mutanen asali na wurin sun daɗe suna ba da labarin wani dare da ƙasa ta girgiza teku ya haura ya shafe ƙauyuka. Daga baya masana suka ƙirga zoben cikin kututturen itatuwan da ruwan gishiri ya kashe, suka kuma samu a takardun Japan cewa wata igiyar ruwa ta auka musu ba tare da sun ji girgiza ba. Da aka haɗa ukun, aka tsayar da rana: 26 ga Janairu, 1700.

Mu ma muna da irin waɗannan madogarai, amfani da su ne ba mu yi. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Baturen mulki Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci yunwar da ta yi shekara goma sha ɗaya a zamanin Sarki Muhammadu Zaki. Kakanninmu sun raɗa wa kowace yunwa suna don kada ta ɓace: Banga-Banga a tsakiyar ƙarni na 19, Kakalaba, 'Yar Buhu a 1927, 'Yar Gusau a zamanin yaƙin Hitila. Malaman zaure sukan rubuta a gefen littafi ko a bangonsa cewa a shekara kaza fara ta sauka, ko an yi husufi, ko ciwon shanu ya ratsa. Littattafan kotunan alƙalai cike suke da ƙarar bashin dami da jinginar gona, kuma in ka ga irin wannan ƙara ta yi yawa a shekara guda, to bincika daminar da ta gabata. Har sunayenmu suna riƙe da lokaci, su Anaruwa da Marka da Ciwake. A Samaru an fara binciken noma tun 1922, ana kuma auna ruwan sama shekara da shekaru. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a nan Zariya a Janairun 1939, tana ɗauke da wasiƙun mutanen karkara irin wannan tawa. A ƙasar Zazzau ɗin nan ne kuma Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a 1949 da 1950 ta rubuta rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. Da ba a yi wannan zama ba, da muryar mace ɗaya ta wancan zamani ba ta iso mu da wannan faɗi ba.

Yanzu ga gundarin maganata. Sanin ranar da abu ya faru da yawan ruwan da ya sauka somin-taɓi ne. Tambayar da ke raba masanin tarihi da mai kirga gawa ita ce: me ya sa wannan gida ya mutu, na kusa da shi ya tsira, alhali sama ɗaya ce ta hana su ruwa? A shekarar Kakalaba akwai hatsi a wasu rumbuna, akwai shi a kasuwa ga mai kuɗi. Turawa sun riga sun matsa a biya haraji da tsabar kuɗinsu, ba da dami ko wuri ba, saboda haka manomi kan fitar da hatsi da kaka lokacin da ya fi araha, ya dawo yana nemansa da bazara lokacin da ya fi tsada. Jirgin ƙasa ya buɗe cinikin gyaɗa a Kano tun 1912. Agajin gwamnati kuwa kaɗan ne, kuma ya makara. Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita ta ƙasar Katsina yana bincike, ya fitar da littafi a 1983 a kan yadda mulkin mallaka da kasuwa suka raunana dabarun da talakan Hausa ke kare kansa da su daga yunwa. Akwai masanan da suka ja da shi, suna ganin ya ƙawata zamanin da fiye da kima, tunda kafin zuwan Turawa ma yunwa ta kashe mutane. Ni ina ganin kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. Amma tambayar da ya yi ita ce tambayar da ta dace. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ma, da ya binciki yunwar Bengal ta 1943 a Indiya, abin da ya gano ke nan: mutane sun mutu ne don abin hannunsu ya kasa sayen shinkafa, ba don shinkafar ta ƙare a ƙasar ba.

Na san wani zai ce ai fari da ambaliya ƙaddara ce, bincike a kai kamar jayayya ce da hukuncin Allah. Na sha jin wannan daga iyayen yara, kuma ban taɓa raina mai faɗa ba, don daga imani maganar ta fito. Amsata ita ce malaman Musulunci sun riga Turawa yin wannan aiki. Al-Maƙrizi na Masar ya rubuta littafi a 1405 ya bi tarihin yunwar ƙasarsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce tsananin da ake ciki a zamaninsa laifin mutane ne: sayen muƙami da rashawa, tsauwala wa manoma kuɗin ƙasa, da cika kasuwa da kuɗin tagulla marasa daraja. Imam Suyuɗi, wanda malamanmu ke karanta littattafansa a zaure har yau, ya tattara tarihin girgizar ƙasa a littafi guda. Shekarar Toka kuma, ta 18 bayan Hijira, wadda fari da yunwa suka auka wa Madina da kewayenta, mun san abin da Sayyidina Umar ya yi ne saboda marubuta tarihi sun adana shi: ya haramta wa kansa man shanu har talakawa su samu, ya rubuta wa gwamnoni su aiko da abinci, Amru ɗan Asi ya turo ayari, aka jinkirta karɓar zakka, aka fita roƙon ruwa. Har ƙidayar waɗanda ake ciyarwa sun kawo. Sayyidina Umar ɗin ne kuma da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi da ya ƙi shiga ƙasar da ake annoba, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ruwa na Allah ne. Amma wanda ya sayar da fili a bakin rafi, da wanda ya ga tsaga a jikin madatsa ya yi shiru, da mu da muke cika kwata da leda, duk muna da amsar da za mu bayar, kuma tarihi ne ke ajiye tambayar.

Farin 1972 zuwa 1974 kuwa da idona na gan shi, ina ɗan shekara goma sha biyar. Mutanenmu sukan ce shekarar da aka canza kuɗi, don a Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam. Na tuna Buzaye sun sauko daga arewa da iyalansu, dogaye, fuska a naɗe, suna zaune a gindin itatuwa wajen tashar jirgi a Sabon Gari. Wani ya kwance takobinsa yana nema a ba shi buhun dawa. Matansu suna cire azurfar wuyansu suna miƙawa. Da yawansu a nan suka zama masu gadi, 'ya'yansu da jikokinsu suna cikinmu yau. Shanu suka faɗi warwas a kara, saniya ƙashi da fata ba mai tayawa. Mahaifina ya hana a taɓa rumbu ɗaya, ya liƙe bakinsa da laka, ya ce sai ran da muka ga an fara cin dusa. Iya kuwa kullum da magariba sai ta ɗebi tuwo a akushi ta aike ni da shi wurin baƙin nan. Sai bayan shekara takwas, a gindin rumbu, na fahimci abin da take gani in ta dube su. Ba a gama farfaɗowa ba cutar gyaɗa ta 1975 ta zo ta ƙarasa abin da fari ya bari, ga kuma farin 1983 da 1984.

Wanda yake magidanci mai shekara talatin a 1973, yau ya haura tamanin. Matan da suka san wane ganye aka ci, wace rijiya ce ba ta ƙafe ba, wane irin gero ne ya jure, wa ya buɗe rumbunsa wa ya rufe, kullum sai mun raka ɗayansu makwanci. A unguwarmu kaɗai, cikin shekara biyu, na yi jana'izar mutum huɗu da na yi niyyar zama da su ban samu yi ba. Wannan nauyi yana wuyana.

Akwai kuma hasarar da har yau in na tuna sai barci ya ƙaurace mini. Kaset tara na cika da muryar Iya da ta wasu tsofaffi biyar. Na zuba su a akwatin ƙarfe na tura ƙarƙashin gado. Wata shekara cikin marka aka kwana uku ana ruwa, katangar maƙwabta ta zube ta toshe hanyar ruwa, ya juyo ya shigo mana ɗaki har gwiwa. Da gari ya waye na buɗe akwatin, laka ta cika shi. Na wanke su, na shanya a inuwa, na kai wa mai gyaran rediyo, ba wanda ya yi magana. Abin da ya tsira shi ne littafin da na kwafe hirar a ciki, don yana saman kabad. Kalmominta suna nan, amma yadda muryarta ta sauka lokacin da ta zo kan zancen ƙanenta, wannan ya tafi.

Bayan wannan ruwa wasu jami'ai suka zo da fom, suka ƙirga ɗakunan da suka faɗi, suka rubuta sunaye, suka tafi. Ba wanda ya tambaye mu ƙarfe nawa ruwan ya shigo, ta ina ya biyo, ko ya taɓa biyowa ta nan. Da sun tambaya, akwai dattijon da zai nuna musu cewa layinmu gaba ɗaya tsohuwar hanyar ruwa ce da ke gangarawa Kubanni, kuma yana yaro a nan suke kamun tarwaɗa. Shekara biyu bayan haka na je ofishin ina neman kwafin rahoton don in koyar da ɗalibaina da shi. Na yi sawu uku, a ƙarshe aka ce ba a san inda fayil ɗin yake ba.

Kwatanta wannan da abin da aka yi a Fotugal. Girgizar ƙasa ta rusa birnin Lisbon ranar 1 ga Nuwamba, 1755, ruwan teku da gobara suka biyo baya. Babban wazirin ƙasar, wanda aka fi sani da Pombal, ya sa aka aika wa limaman coci na gundumomi takardar tambayoyi: ƙarfe nawa ta fara, ta ɗauki tsawon wane lokaci, teku ya janye ne kafin ya taso, gidaje nawa suka faɗi, mutum nawa suka mutu, an taɓa yin irinta a wurin? Amsoshin suna ajiye har yau, kuma masana girgizar ƙasa suna aiki da su bayan shekara fiye da 260. Takarda da tawada kawai abin ya ci, sai kuma tunanin cewa wani zai zo daga baya yana bukata.

Saboda haka, Malam Edita, ga roƙona gare ku, don abin da kuka buga yau shi mai bincike zai buɗe nan da shekara hamsin. In wakilinku ya je inda ruwa ya yi ɓarna, kada ya tsaya a bakin mai magana da yawun hukuma. Ya rubuta sunan unguwa da na rafin, da lokacin da ruwan ya zo, da inda ya kai a jikin bango. Ya tambayi farashin mudun masara a kasuwar garin a wannan mako. Ya nemi mafi tsufa a wurin, mace ko namiji, ya ce Baba, Inna, an taɓa yi? In ya kawo adadin mamata, ya faɗi wanda ya ba shi adadin da ranar da ya ba shi. Ya kuma koma bayan wata shida, lokacin da masu kyamara suka watse, ya ga wa ya sake gini, wa ya sayar da filinsa, yaran wa aka cire daga makaranta. Wannan komawar ita ce ba a yi, kuma a cikinta rabin tarihin yake.

Ina kuma roƙon ku ware ko da rabin shafi ne a mako don tsofaffi su ba da labarin 1973 da 1984 da bakinsu, da Hausarsu, ba tare da an goge musu karin harshe ba. Yanzu kowane yaro yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Malaman tarihi da na Hausa a sakandare za su iya ba ɗalibai aikin hutu: kowa ya zauna da kakarsa, ya nemi izininta, ya ɗauka, ya rubuta sunan garin da ranar da aka yi hirar. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a miƙa wani ga Gidan Arewa a Kaduna ko ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a nan Samaru, inda aka san darajar irin wannan kaya. Kada kowa ya tura nasa ƙarƙashin gado kamar yadda na yi.

Littafin nan nawa yana nan, shafi sittin da biyu, bangonsa ya yi baƙi don hannu. Jikata ta fara buga mini shi a kwamfuta, tana karantawa ina gyara mata inda rubutun ya dusashe. Mun kai shafi na ashirin, daidai inda suka bar gida. In kun buɗe filin, da shi zan fara aiko muku.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin tarihi,
Tudun Wada, Zariya.